Keziah da Yaranta na Wellington

Ranar da Denzil ya fara kai ni gidansu, mahaifiyarsa ba ta tambaye ni cocin da nake zuwa ba, ba ta kuma tambaye ni ko na iya girki ba. Ta zuba mini shayi, ta jira sai da na kai kofi baki, sannan ta ce, "Noeline, babanki wa yake zaɓa?"

Na kusa ƙwarewa. Babana manomi ne mai shanun tatsa a kwarin Hokitika, kuma a gidanmu in aka ambaci Jam'iyyar Leba, ta ma'aikata, sai ka ga kamar an ambaci annoba. Na dubi Denzil, shi kuma ya dubi rufin ɗaki. Sai na faɗi gaskiya.

Ta kaɗa kai irin na mai jin labarin rashin lafiya. Can ta turo mini faranti ta ce, "To, ba laifinki ba ne. Ci kek."

Keziah Trewin ke nan, surukata. Gajeruwa ce mai faɗi, hannuwanta jajaye saboda wanki, muryarta kuwa in ta kira Denzil daga ƙofar gida har bakin ramin kwal ana ji. A garinmu na mahaƙa, mil kaɗan arewa da Greymouth, aka haife ta, kuma tun ranar da aka kafa reshen jam'iyyar Leba a garin take cikinsa. Ba ta taɓa riƙe muƙami ba. Ita ce mai tukunyar shayi a zauren ma'aikata, ita ce mai wanke kofuna bayan taro, amma duk wanda ya zama shugaban reshe ya san in zai kawo wata magana gara ya fara bi ta wajen tukunyar nan.

Mijinta Jabez dogo ne siriri, mai tari irin na waɗanda suka daɗe a rami, kuma magana tana yi masa wuyar fita. Sau ɗaya tak ya taɓa miƙewa a taro, a shekarar 1917, lokacin da gwamnatin wancan zamani take kwasar samari zuwa yaƙi dole. Ya ce ba daidai ba ne a tilasta wa ɗan talaka ya je ya mutu alhali ba a tilasta wa mai dukiya ya ba da dukiyarsa ba. Ya zauna. Bayan kwana uku 'yan sanda suka zo, aka ɗaure shi wata tara. Keziah ta riƙe gida da wankau, Denzil yana ɗan shekara biyar.

Takan ce, "Jimla ɗaya, wata tara. Da ni ce na yi maganar, da har yau ina ciki."

Jabez kan ce, "Da sun sake ki da rana tsaka, don su huta."

A 1934 aka yi aurenmu, muka tare a ɗakin baya na gidansu, don a lokacin babu mai halin kama gida. Rami kwana biyu kawai yake aiki a mako. Denzil yana tuƙa motar gidan burodi, shi ma rabin mutane sun daina saye. Da buhun sukari muke ɗinka tawul da rigunan aiki da wandunan yara. Buhunan kuwa daga kantin Mista Ormerod suke fitowa, mutumin da shi kaɗai a duk garin yake liƙa hoton ɗan takarar masu gonaki da 'yan kasuwa a tagarsa. Shekara ashirin suna cacar baki da Keziah, kuma ban taɓa ganin ta sayi ko ashana a wani kanti ba.

Yakan tarbe ta da cewa, "Misis Trewin, yaushe za ku kafa gwamnatin taku? Ina son in sani, in ɓoye ma'aunina kafin ku ƙwace."

Ita kuma ta ce, "Ma'aunin naka ma shi za mu fara dubawa. Ba ni buhu biyu, kuma masu kyau, ba irin na wancan makon da ɓera ya riga ni ba."

Zaɓen 1935 ya zo a ƙarshen Nuwamba, lokacin da 'yan mitsi-mitsin fararen kifi suke hawowa kogi daga teku. Keziah ta ɗauki keken Jabez, keken maza mai sanda a tsakiya, ta ɗaure takardun jam'iyya cikin buhu don ruwa, ta shiga gari-gari. Wanda ya san Gaɓar Yamma, yankinmu na bakin teku, ya san ruwanmu ba ya neman izini. Takan dawo sharkaf, ta tsaya gaban murhu tana tururi kamar dankalin da aka sauke yanzu, tana lissafa mana gidajen da suka ji da waɗanda suka sako mata kare.

Wata Asabar ta sa keken a jirgin ƙasa ba ta gaya wa kowa inda za ta ba. Ashe gonar babana ta nufa. Ta same shi a rumfar tatsa, ya ce mata ba shi da lokacin surutu. Sai ta jawo kujera da bokiti ta zauna gindin saniya. Tana tatsa tana yi masa bayanin yadda Leba za ta tsayar wa man shanu farashi ɗaya, kada ya riƙa hawa da sauka da manomi.

Daga baya Baba ya ce mini, "Surukar nan taki ta tatsi shanu shida, ta tatse mini kunne. Amma hannunta yana da kyau, ko ɗaya ba ta yi harbi ba."

Na ce, "To wa ka zaɓa?"

Ya ce, "Akwatin ya sani."

Ina da cikin fari a lokacin, don haka ban je zaure jin sakamako ba. Da safe na fito na tarar da Keziah tana soya wainar ƙwai da kifi, tana kuka, hawaye yana ɗiga har cikin kasko. Na ɗauka an kayar da su ne kamar kullum, na fara ba ta haƙuri.

Ta ce, "Haƙurin me? Mun ci, yarinya. Yaran nan sun ci! Mahaƙa, da masu dakon tashar jirgin ruwa, da direban jirgin ƙasa, su ne gwamnati." Ta juya ga Jabez. "Kai ba za ka ce komai ba?"

Jabez ya ce, "Wainarki tana ƙonewa."

Daga ranar ba ta sake kiransu gwamnati ba, sai "yaran nan", ko da yake yawancinsu sun girme ta. Ba ta taɓa zuwa Wellington, babban birnin ƙasa, ba, ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ido da ido ba, amma yadda take maganarsu sai ka rantse ita ta yi musu wankan jarirai.

Kafin Kirsimeti aka ba marasa aiki kyautar kuɗin biki, kuma a layinmu aka ji ƙanshin naman tunkiya daga gidajen da suka shekara ba su ɗora shi ba. Shekarar da ta biyo aka mayar da aiki awa arba'in a mako. Aka ba Jabez fanshon marasa lafiya, ya bar rami, ya koma shuka kabeji da rigima da tsuntsaye. Aka fara kai madara makaranta, kowane yaro kwalba ɗaya. Duk abin da ya zo, sai Keziah ta saka hula ta tafi kanti ta shaida wa Ormerod, kamar bai karanta jarida ba.

Yakan ce, "Wa zai biya duk wannan, Misis Trewin?"

Ta ce, "Kai. Kuma ka lura tun da yaran nan suka hau kantinka ya cika. Da can ƙuda kake kora."

Da ta ji za a riƙa sako zaman majalisa a rediyo, sai ta sayar da keken ɗinkin da ta gada ta sayo akwatin rediyo. Bayan cin abincin yamma sai ta shimfiɗa bargon guga a tebur, ta ɗora duwatsun guga biyu a murhu, ta kunna. Muryoyin suna zuwa suna ɓacewa saboda tsaunukan da ke tsakani, amma tana gane kowa. In ɗan adawa ne yake magana, rigar da ke gabanta ita take shan wahala.

"Ƙarya kake! Yaushe ka taɓa ɗaukar shebur? Zauna!"

In nata ne ya yi ta kewaye-kewaye, shi ma bai tsira ba. "Kai yaro, faɗi maganar mana. Haka uwarka ta koya maka?"

In Kakakin majalisa ya nemi a yi shiru, sai ta yi shiru ita ma, har ta harare mu in mun motsa cokali. Rigunan Jabez duk suna da tambarin dutsen guga a baya, kowanne da muhawarar da ta jawo shi.

A 1939 na haifi ɗiyata ta biyu a asibiti, bisa sabuwar dokar da ta ce haihuwa kyauta ce. Keziah ta haifi huɗu a ɗakin gaba, Denzil kaɗai ya rayu. Ta zo ta zauna bakin gadona, ta shafa farin zanen gado, ta dubi ma'aikaciyar jinya tana wucewa da tire. Ba ta yi maganar jam'iyya ba ranar. Ta ɗauki jaririyar ta daɗe tana kallonta, sannan ta ambaci sunaye uku a hankali, waɗanda ban taɓa ji a bakinta ba.

Sai yaƙi ya zo.

A tsakiyar 1940, bayan rasuwar firaministan Leba na farko, gwamnati ta kawo dokar aikin soja dole. Cikin ministocin da suka kawo ta akwai waɗanda su kansu aka ɗaure a wancan yaƙin saboda sun ƙi irinta. Keziah tana guga ta ji a rediyo. Ta ajiye dutsen a hankali, ta dubi Jabez, ta ce, "Ka ji abin da na ji?"

Ya ce, "Na ji."

"Wata taranka fa?"

Ya ce, "Na riga na yi su, Kez. Ba a dawo da su."

Ta kashe rediyon, ta ɗauko mayafin tebur ta lulluɓe shi.

Mahaƙa ba a taɓa su, don ana bukatar kwal. Amma Denzil mai kai burodi ne, kuma a farkon 1942, da aka zo kan masu aure, sunansa ya fito. Keziah ta ce zai ƙi. Ta ce za ta raka shi gaban kwamitin da ke sauraron masu ƙin aikin soja, ta ce gidan Trewin sun san hanyar kurkuku, ba baƙonsu ba ne. Denzil ya bari ta gama, sannan ya ce, "Mama, zan tafi."

"Ka ce me?"

"Wannan yaƙin ba irin na Baba ba ne. Jiragen Japan sun kusa ƙofarmu. In na zauna, wa zai je? Ɗan Ormerod ya tafi tun bara, ba wanda ya tilasta shi."

Ta juya ga mijinta. "Jabez, yi wa ɗanka magana!"

Jabez ya yi tari, ya goge baki. Ya ce, "Ni na ƙi don zuciyata ta ce in ƙi. In tasa ta ce ya tafi, ba zan zama gwamnati a kansa ba."

Kwana uku ba ta yi wa ko ɗayansu magana ba. A na huɗu ta sayo zaren ulu ta fara saƙa safa. Da muka raka shi tasha ta gyara masa wuyan riga da ƙarfi har ya yi tangaɗi, ta ce, "Ka riƙa canza safa. Kuma in wani hafsa ya zage ka, ka riƙe sunansa ka kawo mini."

Ta daina zuwa zaure. Tukunyar shayi ta koma hannun wasu, kuma kowa ya ce shayin ya lalace. Na zaci Ormerod zai samu abin tsokana, amma ranar da ta shiga kanti bayan tafiyar Denzil, sai kawai ya auna mata ganyen shayinta, ya ce, "Nawa yana Masar. Ya ce abincin ba daɗi, amma suna lafiya." Ta ce, "Allah ya dawo da su." Ba su sake taɓa siyasa ba har yaƙi ya ƙare, kuma ina jin dukansu biyu sun yi kewa.

Da zaɓen 1943 ya zo, ba ta ɗauki keke ba, ba ta raba takarda ko ɗaya ba. Amma ranar zaɓe ta saka hularta ta coci. Na ce, "Mama, ina za ki?"

"Ina kuwa? Rumfar zaɓe."

"Ai na ɗauka kin yi fushi da su."

Ta ce, "Na yi, kuma ban huce ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zan zaɓe su, don in sun dawo in samu wanda zan zaga da haƙƙina."

Jabez ya rasu a sanyin 1944, Denzil yana Italiya. Makonsa bakwai a asibitin Greymouth, a gado kusa da taga, ana sa masa iska in numfashi ya ƙi. Mahaifin Keziah da irin wannan ciwon ya mutu, a ɗakin girki, a kan kujeru biyu da aka haɗa. Da muka dawo daga maƙabarta ta zauna ba ta cire hula ba, ta ce, "Sun ɗauke mini ɗa, sun ba mijina gado. Noeline, ke da kika yi makaranta, gaya mini yadda zan yi da su."

Na miƙe na shiga ɗakin girki. Na ɗora ruwan shayi.

Denzil ya dawo a ƙarshen 1945, kunnensa na hagu ya mutu, kuma ya koyi shirun ubansa. Ɗan Ormerod bai dawo ba. Keziah ce ta riƙa kai wa tsohon miya a kwano duk ranar Talata, ta tsaya a kansa sai ya shanye. Wata Talata ya ɗago ya ce, "Gishiri ya yi yawa, kamar harajin yaranki." Ta dawo gida fuskarta a sake. A ranar ta yaye mayafi daga kan rediyo.

Amma ba a gama ba. A 1949 gwamnatin dai ta ce a yi ƙuri'ar raba gardama, a kan ko za a tilasta wa samari horon soja ko da babu yaƙi. Keziah tana da shekara sittin da uku, gwiwoyinta sun fara ciwo, amma ta sa Denzil ya hura wa keke iska. Wannan karon takardun da ke cikin buhun suna cewa a ƙi. Shugaban reshe, wani saurayi da ita ta koya wa riƙe kofi, ya zo har gida yana murza hula.

Ya ce, "Misis Trewin, ai jam'iyya ta riga ta yanke shawara. Abin kunya ne a gan ki kina yaƙar namu."

Ta ce, "Tun kana cikin tsumma nake jam'iyyar nan. In yaro ya kama hanyar rijiya, uwarsa ba tafi take yi masa ba. Sha shayinka ka tafi."

Garinmu ya bi ta, ƙasa ba ta bi ta ba, aka kayar da ita da rata mai yawa. Bayan wata uku aka yi babban zaɓe. Mutane sun gaji da katin rabon man shanu da na fetur, sun gaji da tsofaffin fuskoki, shekara goma sha huɗu ba kwana goma sha huɗu ba ne. Leba ta faɗi.

Na ɗauka za ta ce Allah ya ƙara. Da safe na same ta a bakin ƙofar baya tana kallon kabejin da Denzil ya ci gaba da shukawa, idanunta sun kumbura.

Ta ce, "Sun tsufa, Noeline. Sun gaji, sun daina jin magana. Amma kin tuna yadda layin nan yake kafin su zo?"

Na ce na tuna.

Ta ce, "To ki gaya wa 'ya'yanki, don su za su ɗauka haka duniya ta zo da madara da likita." Ta share fuska da gefen riga, ta miƙe. "Bari in je zaure. Na san sun bar kofuna."

Muka tashi zuwa gidan gwamnati na haya a Greymouth bayan shekara biyu, mai ɗaki uku da banɗaki a ciki. Mun yi mun yi ta biyo mu ta ƙi, ta ce wa zai riƙa gyara wa majalisa magana in ta bar tebur ɗinta. Muna zuwa mata duk Lahadi.

Zaɓenta na ƙarshe shi ne na 1957. A lokacin ba ta iya tafiya sai da sanda biyu. Kowace jam'iyya tana aika mota ta kwaso tsofaffi zuwa rumfa, reshe ya aiko a tambaye ta ƙarfe nawa za a zo. Ta ce kada su damu, ta riga ta shirya. Ƙarfe goma sai ga Ormerod a ƙofa da baƙar motarsa, shuɗin ƙyallen jam'iyyarsa yana kaɗawa a gaba, shi ma kansa ya yi fari fat.

Na ce, "Mama, motar 'yan adawa za ki shiga? Mutane za su gani fa."

Ta ce, "Su gani. Fetur ɗinsu zan ƙona, in je in kashe masa ƙuri'a. Riƙe mini jaka."

Ormerod ya buɗe mata ƙofa, ya ɗaga mata ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya lulluɓa mata bargo a gwiwa. Ya ce, "Shekara ashirin da biyu muna wannan wahala, ni in jefa ke ki goge. Da mun zauna a gida mun sha shayi, ai duk ɗaya ne."

Ta ce, "In ka zauna, ni zan je. Ja mota, kuma a hankali, ba buhun sukari ka ɗauko ba."

Leba ta dawo da kujeru biyu kacal a kan abokan hamayya. Keziah ta ce waɗannan sababbin ba su kai na farko ba, hularsu ma ba ta zauna daidai ba, amma za ta ba su shekara ɗaya ta gani. Ba ta cika shekarar ba. Ta rasu a watan Agusta, da rana, a kujerarta. A zaure aka yi zaman makoki, mutane suka cika har waje cikin ruwa, mahaƙa shida suka ɗauki akwatin gawarta a kafaɗa tun daga ƙofar gida har maƙabarta a kan tudu.